Jika sittin a gwangwanin madara

Wani abokinmu da ya yi karatu a Yamai ne ya kawo mana poka a fadarmu ta unguwar Zariya. Da can belot muke bugawa, wanda aka ci ya sayo sukari da ganyen shayi. Poka kuwa kuɗi take ci. Karta 52 ce, a ba kowa biyu a rufe, a buɗe biyar a tsakiya kaɗan-kaɗan, kowane zagaye ana zubi. Na san caca ce, na kuma san abin da malamai suka faɗa a kanta, ba zan ce ban sani ba.

Wata biyun farko daga cinikin shago nake ɗiba. Kayan gyaran babur nake sayarwa. Ranar da na shirya zuwa Jibiya saro kaya, na ƙirga kuɗi na tarar jika arba'in sun yi ƙafa, ban ma san daren da suka tafi ba.

Shi dai abokin nan ya zaunar da ni. "Malam, ka raba kuɗin wasa da uwar kuɗi, in ba haka ba shagonka ne zai zauna a tebur." Ƙa'idar da ya ba ni ita ce mutum ya tanadi kuɗin zama ashirin zuwa talatin kafin ya taɓa karta. Mu da jika biyu ake zama, sai na ware jika sittin na zuba a gwangwanin madara. Dalilin tanadin shi ne, ko As biyu ka riƙe, hannun da babu na sama da shi kafin a buɗe na tsakiya, mai sarki biyu zai kayar da kai wajen sau ɗaya cikin biyar. Ni a dare guda sau biyu aka yi min haka. Irin wannan daren ake yi wa tanadi.

Na ƙara wa kaina sharaɗi: in aka cinye ni zama uku in tashi, in kuma gwangwani ya koma rabi in sauka teburin dala ɗari. Tashin bai ba ni wuya sosai ba. Saukar ce ta gagare ni. Teburin dala ɗari na samari ne, wasunsu ma 'yan kabu-kabu da ke karɓar kaya bashi a wurina. Da ɗaya ya ce, "Yaya, yau kai ne a cikinmu?" sai zuciya ta ɗebe ni na koma babban tebur. Daren nan zama bakwai na zubar, har da bin zubi da 7 da 2, hannun da ko yaro ya san na yarwa ne.

Abin da ya fi yi min amfani ɗan littafin da nake rubuta shiga da fita ne. Kai yana riƙe daren ci, ya manta na asara, littafi kuwa ba ruwansa. Bayan wata biyar ya nuna min saura jika ashirin da biyu. Ya nuna min dala ashirin-ashirin da mai ɗakin wasan ke cira a kowane babban tari sun taru sun yi kauri. Na kuma gane ba rashin sa'a ke damuna ba, ni ne ba na iya yar da hannu in jira.

Jika ashirin da biyun na sayo tubo da baƙin mai da su. Gwangwanin yana shago yanzu, noti da kusoshi ke ciki. Ina zuwa fada har yau, ni ke dafa shayi.