Abin da aikin yankar tikiti ya koya mini game da tara makin tafiya

Aikina shi ne shirya wa ma'aikatan wata ƙungiya tafiye-tafiyensu: in nemo jirgi, in kama ɗakin otal, in sauya ranar dawowa idan taro ya ja. A wannan aiki babu tambayar da ake yawan yi mini kamar ta wane tsarin tara maki ne ya fi kowanne, wato makin da kamfanonin jirage da otal-otal ke ba matafiyi ya musanya da tikiti ko ɗaki. Mai tambaya yana jira in ambaci sunan kamfani ɗaya ya je ya yi rajista. Ni kuwa sai in ce ya fara faɗa mini ina da ina yake zuwa a shekara, kuma wa ke biyan kuɗin tikitin. Daga nan ake gane tsarin da ya dace da mutum. Talla ba ta san inda kake zuwa ba.

Kafin a yi maganar zaɓi, ya kamata a san me ake tarawa. A 1981 kamfanin American Airlines ya buɗe tsarinsa na tara maki, AAdvantage, United ma ya biyo baya a shekarar, kuma dabarar a fili take. Kujerar da jirgi ya tashi da ita babu kowa a kai ta tafi ke nan, ba za a sake sayar da ita ba, don haka ba da ita kyauta ga fasinjan da ya saba dawowa ba wata asara ba ce. Daga baya sana'ar ta sauya kama. Kamfanonin suka gano cewa bankuna za su sayi makin da tsabar kuɗi su raba wa masu riƙe da katinsu, sai makin ya zama haja mai zaman kanta. A 2020, lokacin da annobar korona ta ajiye jirage a ƙasa, United ya jinginar da tsarinsa na MileagePlus ya ranto dala biliyan 6.8, Delta ya yi haka da SkyMiles ya karɓi biliyan 9. Wato a ranar da jiragen ba sa tashi, tsarin makin ne masu ba da bashi suka yarda da shi. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Duk wanda ke ganin maki tukwici ne kawai da kamfani ke bayarwa don kirki, wannan ya ishe shi ya sake tunani.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, wanda ya buga makin shi ne ke yanke masa daraja, kuma yana iya rage ta duk ranar da ya ga dama. A 2015 Delta ya cire jadawalin da ke nuna yawan makin da kowace tafiya ke ci, ya koma sauya farashi gwargwadon buƙata, wasu kamfanoni da dama suka bi sahu. Tikitin da makinka ya isa ya saya bana, baɗi yana iya gagarar ka ba tare da ka taɓa ko maki ɗaya ba. Shi ya sa nake jin ba daɗi idan abokin aiki ya nuna mini tulin makin da ya shekara da shekaru yana adanawa don wata babbar tafiya da ba a sa mata rana ba. Nakan ce masa ya sa ranar, ya kashe.

A shekarar nan ta 2015 Delta da United suka daina lissafa maki da nisan tafiya, suka koma lissafi da kuɗin da aka biya, American ya yi haka a 2016. Wannan sauyi ya raba matafiya gida biyu. Wanda ofishinsa ke saya masa tikiti mai tsada ana gobe tafiya, kakarsa ta yanke saƙa. Wanda ke neman araha da kuɗin aljihunsa, ko da ya tsallaka teku ya dawo, abin da zai samu kaɗan ne. Mutane biyu a kujeru maƙwabta, jirgi ɗaya, amma makin ɗaya ya ninka na ɗayan sau da yawa.

A nan ƙawancen kamfanonin jirage ke da amfani, kuma a nan na fi ganin mutane suna barin haƙƙinsu. Manyan ƙawance uku ne: Star Alliance da aka kafa a 1997, oneworld a 1999, sai SkyTeam a 2000. Lufthansa, United, Turkish Airlines, Ethiopian da EgyptAir suna Star Alliance. British Airways, American, Qatar Airways da Royal Air Maroc suna oneworld. Air France, KLM, Delta, Kenya Airways da Saudia suna SkyTeam. Emirates kuwa ba ya cikin ko ɗaya, yana ƙulla yarjejeniyarsa da kamfanoni ɗai-ɗai. Ma'anar ƙawance ita ce ba dole ba ne ka buɗe asusu da duk kamfanin da ka hau. Kana iya hawa jirgin wannan ka ba da lambar asusunka na abokin ƙawancensa, makin ya taru wuri ɗaya. Na sha ganin mutum da asusu a kamfanoni uku na ƙawance guda, kowanne da ɗan abin da bai isa komai ba, alhali da ya haɗe su da tuni ya sami tikiti.

Akwai kuma harafin da ke jikin tikiti, wanda yawancin matafiya ba sa ko kallo. Duk tikiti yana da harafi ɗaya mai nuna rukunin farashinsa, ko da kujerun duk a ɓangare ɗaya na jirgin suke. Wannan harafin ne abokan ƙawance ke dubawa. Wani harafin yana ba da cikakken nisan tafiyar, wani rabi, wani rubu'i, wani ba ya ba da komai. Kuma harafi ɗaya yana iya zama banza a wannan tsari, ya yi daraja a wancan. Kowane kamfani yana da jadawalin wannan a shafinsa na intanet. Duba shi kafin a biya kuɗi aikin minti biyar ne, kuma shi ne aikin da ya fi kowanne biyan wahalarsa a cikin duk wannan harka.

Sai dai ƙawancen ma ba dindindin ba ne. LATAM ya fita daga oneworld a 2020. SAS, wanda da shi aka kafa Star Alliance, ya koma SkyTeam a 2024. Air Berlin ya durƙushe a 2017, tsarin makinsa ya bi shi.

Batun wa'adi ma yana raba tsari da tsari. Makin Delta da na United ba sa mutuwa. Na Avios, wanda British Airways, Iberia da Qatar Airways ke amfani da shi tare, yana nan muddin asusun bai yi wata 36 babu motsi ba. Na Emirates Skywards kuwa wa'adinsa kimanin shekara uku ne. Ga mai tafiya duk wata wannan ba abin damuwa ba ne. Ga mai tafiya sau ɗaya ko biyu a shekara, shi ne abu na farko da zai duba, tun kafin ya kalli yawan makin da ake bayarwa.

Wani abin da aikin ya nuna mini shi ne bambancin maki da matsayi. Maki kashe shi ake yi. Matsayi kuwa, azurfa ko zinariya, ana samunsa ne da yawan tafiya ko yawan kuɗin da aka kashe a cikin shekara, kuma a shekara mai zuwa sai an sake nema. Ga wanda rabin rayuwarsa a filin jirgi take, matsayi ya fi maki nesa ba kusa ba. Ba ɗakin hutu ko ƙarin jaka nake nufi ba, ko da yake suna da daɗi. Ranar da aka soke jirgi ake gane shi, lokacin da ɗaruruwan mutane ke layi ɗaya, mai matsayi kuwa yana da layinsa da lambar wayarsa, a sama masa kujera kafin su ƙare. Amma wanda ba ya tafiyar da za ta kai shi matsayin nan da kanta, kada ya ƙirƙiro tafiya don cike giɓi. Kuɗin da zai kashe ya isa ya sayi ƙarin jakar da shiga ɗakin hutun kai tsaye.

Inda abin ya fi taɓa ni shi ne teburin aikina. Wani lokaci ma'aikaci zai roƙe ni in sa shi a jirgin da ya fi tsada, ko mai yada zango na sa'o'i, don kawai can asusunsa yake. Ban ɗauke shi mugu ba, don ainihin abin da aka gina tsarin ya yi ke nan: ya sa mai tafiya ya so kamfani, wani kuma ya biya. Amma kuɗin amana ne. Idan farashi da lokaci sun zo daidai, da farin ciki nake bin zaɓinsa. Idan ba su zo ba, nakan faɗa masa gaskiya ido da ido. Na kuma ga cewa wurin aikin da ya rubuta ƙa'idarsa a fili, na waye makin tafiyar aiki, da iyakar bambancin farashin da za a lamunta, ya hutar da kowa daga zargi.

Otal-otal ba su da wannan sarƙaƙiya sosai. Marriott ya haɗiye Starwood a 2016, ya fito da tsarin makinsa na Bonvoy a 2019, kuma shi da Hilton Honors suna da rangwamen dare na biyar kyauta ga mai biya da maki, bisa sharuɗɗansu. Accor ya ƙayyade darajar nasa: maki 2,000 daidai da yuro 40, ba sai an yi dogon lissafi ba. Tarkon ɗaya ne: galibi idan ka kama ɗaki ta shafukan dillalai, babu maki, babu daren da za a ƙirga maka don samun matsayi. Kuma idan garuruwan da kake zuwa babu reshen kamfanin, girman sunansa ba zai tsinana maka komai ba.

Idan lokacin kashewa ya zo, lissafin da nake yi wa kowa guda ne. A ɗauki farashin tikitin da kuɗi, a cire haraji da ƙarin kuɗin da kamfani zai karɓa ko da da maki aka saya, a raba saura da yawan makin. Wannan ƙarin kuɗin yana iya cinye rabin ribar, kuma British Airways ya yi suna da shi a dogayen tafiye-tafiye. Sannan a gwada neman kujera a ranakun da mutum yake tafiya da gaske, lokacin hutun makaranta ko ƙarshen shekara, ga adadin mutanen da zai tafi da su. Kujera ɗaya a tsakiyar mako ba wuya. Huɗu ga iyali a lokacin cunkoso, nan ake gane tsarin da ke cika alkawari. Katin bashi mai ba da maki kuwa, wanda ba ya biyan abin da ya ci gaba ɗaya a ƙarshen wata, kuɗin ruwan da zai hau kansa ya fi makin tsada.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma su ke jawo mini kiran waya. Sunan da ke asusu ya zama daidai da na fasfo, harafi da harafi, in ba haka ba makin ba zai shiga ba. A ajiye takardar shiga jirgi har sai an ga makin ya bayyana, domin da ita ake neman wanda ya ɓace, kuma neman yana da wa'adi na 'yan watanni. A kuma sa wa asusun kalmar sirri mai ƙarfi da tantancewa ta biyu ta waya, don ɓarayin intanet suna kwashe maki su sayi tikiti da sunan wani, kuma mai asusun da ba ya leƙawa sai ya daɗe bai sani ba.