Abin da aiki da masu ciwon huhu ya koya mini kan ruwan gida

A sashen masu ciwon ƙirji na gane cewa ba duk tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa ne tarin fuka ba. Sai a duba kakin mutum a madubin likita a ga ƙwayoyi kamar na tibi sak, a sa a na'urar gwajin tibi ta GeneXpert ta ce babu. Sau da yawa dangin tibi ne da likitoci ke kira NTM, irin su Mycobacterium avium da Mycobacterium abscessus. Galibi ba daga mutum ake ɗaukar su ba. Mazauninsu ƙasa ce da ruwa, har da ruwan famfo.

Mai lafiyayyen huhu yana shaƙar su ba abin da ya same shi. Wanda suke samun wurin zama a ƙirjinsa shi ne wanda tibi ya bar wa tabo, ko wanda hanyoyin numfashinsa suka buɗe suna tara kaki. Idan sun kama, magani kusan kala uku ake haɗawa, a ci gaba da sha har wata 12 bayan gwajin kaki ya daina nuna su. Wanda ya ga yadda wannan ke galabaitar da tsoho ba zai raina rigakafi ba.

Jikin ƙwayar yana da kitse kamar kakin zuma, shi ya sa kulorin da ke kashe sauran ƙwayoyi bai cika yi mata komai ba. Tana manne wa santsin cikin bututu da tanki da kan shawa. Ka kwance kan shawar gidanka ka leƙa bayan ƙofofin, za ka ga wani yauƙi ruwan ƙasa-ƙasa. Idan ruwa ya fesu, daga nan take bin feshin da ba a gani ta shiga huhu. Don haka nakan ce wa majinyata su koma wankan bokiti, ya fi musu. Wanda ba zai bar shawa ba ya sa kai mai manyan ƙofofi, ya riƙa cire shi yana wankewa, ya buɗe taga, kada ya daɗe a ciki. Mai hitar ruwan wanka ya kai zafinta digiri 55, amma a kula da yara kada su ƙone.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kwalbar ruwan da ke jikin injin iskar oksijin. Na sha ganin mai jinya ta cika ta daga famfo, cikin ƙauna da gaggawa. Nakan ce, "Hajiya, wannan ruwan huhun Baba zai shiga kai tsaye." A tafasa shi minti 10, ya huce, a riƙa sauyawa kullum, a wanke kwalbar a bar ta ta bushe. Haka kofin nebulaiza, na'urar da ke mai da magani feshi a shaƙa.

Matatar ruwa mai gawayi ma takan yaudari mutane: tana gyara ɗanɗano, amma ƙwayoyin na hayayyafa a cikinta. Ba gidan da za a raba da su kwata-kwata, ragewa ake yi. Mai irin wannan huhu da ke son shuke-shuke ya jiƙa ƙasa kafin ya taɓa ta, ya kuma sa takunkumi.