Abin da maginan Timbuktu suka koya mini

Karatuna a kan adana tsofaffin gine-ginen laka ne, kuma darasin da ya fi zauna mini a rai daga Timbuktu ya fito. A 2012 mayaƙan Ansar Dine, ƙungiyar masu iƙirarin jihadi da ta mamaye garin na ƙasar Mali, suka ɗauki diga da gatari suka rushe kaburburan waliyyan garin, suka kuma ɓalle ƙofar masallacin Sidi Yahia da jama'a suka daɗe suna cewa ba za a buɗe ta ba sai ƙarshen duniya. Tun 1988 UNESCO, hukumar raya ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya, amma takarda ba ta tare gatari ba.

Abin da ya maido da gine-ginen a 2015 shi ne maginan garin, waɗanda suka gaji sana'ar kaka da kakanni. Su suka san ramin da ake ɗebo laka, da yadda ake kwaɓa ta, da inda ake dasa itace a jikin bango, da addu'ar da ake yi kafin a ɗora tubalin farko. Kuɗi ya zo daga waje, gaskiya ne, sai dai kuɗi ba ya yaɓe. Ginin laka kuwa, in aka bar shi damina biyu uku babu gayyar yaɓe, ruwa zai yi masa abin da gatari ya yi. Shi ya sa yanzu in aka kai ni tsohon gini, kafin in auna tsagewar bango sai na tambaya: wa ke yaɓe shi, kuma ya koya wa yaro?

Ɗaya darasin ya fi ɗaci. Ahmad al-Faqi al-Mahdi, wanda kotun duniya ta Hague ta ɗaure shekara 9 a 2016 bayan ya amsa laifinsa na jagorantar rushe kaburburan, ba baƙo ba ne. Ɗan yankin ne, mai karatu, shi ne shugaban Hisbar da mayaƙan suka kafa a garin a lokacin. Wanda ya rushe Musulmi, wanda ke kwance a kabarin Musulmi, masu ziyara ma Musulmi. Mun saba in an ce haƙuri da juna sai mu tuna Musulmi da Kirista, alhali na cikin gida ya fi wuya.

Saɓani kan ziyarar kabari tsoho ne, mu ma muna da shi, ga masu zuwa Hubbaren Shehu a Sakkwato ga masu ganin bai halatta ba. Mai ganin haramci yana da wa'azi, yana da alƙalami, yana da damar ƙin zuwa. A ganina iyakarsa ke nan, domin waɗanda ke kwance a wurin kakannin wasu ne, jikokinsu na nan cikin gari.