Yadda muke sa yadin roba ya sha gumi

Duk wanda ya kawo mana yadi, kafin mu yi maganar komai sai na yi masa gwajin ɗigo. Nakan shimfiɗa ƙyallen poliyesta, wato yadin roba, a kan tebur in ɗiga masa ruwa. Ɗigon zai dunƙule ya tsaya cak, minti guda ya wuce yana nan yana ƙyalli. Sai in ɗauko wani ƙyallen da ya bi ta hannunmu in ɗiga, kafin ka ƙifta ido sau biyu ya bazu ya ɓace. Abin da ni da ma'aikatana muke ci da shi ke nan.

Halin zaren ne haka tun asali. Auduga tana riƙe danshi kusan kashi 8 cikin 100 na nauyinta, nailan wajen kashi 4, shi kuwa poliyesta, wanda Whinfield da Dickson suka ƙirƙiro a Ingila a 1941, ko rabin kashi 1 ba ya kaiwa. Shi ya sa gumi yake kwanciya tsakanin fata da riga, mutum ya ji kamar leda ya saka.

Ban taɓa ce wa mai kaya zan mayar masa da roba auduga ba. Cikin zaren ba zai sha ruwa ba har abada. Jikin zaren ta waje muke gyarawa, yadda gumi zai bi tsakankanin zaruruwa ya bazu, iska ta busar da shi da wuri.

Tsohuwar hanya ita ce dafa yadin a ruwan soda mai ƙuna. Sodar takan ɗan ci jikin zaren, ta bar shi da ƙananan ramuka, yadin ya yi laushi ya kuma fara karɓar ruwa. Amma kowane minti nauyin yadin raguwa yake yi, da ƙarfinsa. Idan aka shagala, sai a fito da yadin da yatsa zai yaga. Ruwan da ya rage ma ba a zubar da shi sai an kashe masa kaifi.

Na fi son ɗayar hanyar, wato sinadari mai kai biyu: kai ɗaya dangin poliyesta ne, yana maƙale wa zaren, ɗayan kuma yana jawo ruwa. A cikin ruwan rini muke zuba shi, zafi ya kai digiri 130, ya kama tare da launin. Rigar da aka yi wa wannan ba ta manne wa jiki da tartsatsin lantarki, maiƙo ma yana saurin fita a wanki.

Akwai ranar da har yau take ci mini rai. Mun gama aiki tsaf, sai a matakin ƙarshe aka zuba wa yadin silikon, sinadarin sa laushi, irin na gama-gari, maimakon mai karɓar ruwa. Hannu ya ji santsi, kowa na murna. Da na ɗiga ruwa sai ɗigon ya gangara ƙasa. Laifina ne, domin jarkokin biyu suna jere ban sa musu alama ba. Kwana biyu muka yi muna wanke shi muna sakewa.

Tun daga nan ba yadin da yake fita sai na yanki ƙyalle na wanke shi sau 20 na sake ɗiga masa ruwa. Idan ɗigon ya tsaya, dilar ta koma inji.