Kwana huɗu a kasuwar Yiwu

Daga Kano muka tashi, muka yada zango a Addis Ababa, sai Guangzhou a ƙasar Sin. Kwana ɗaya na yi a can, washegari jirgin ƙasa mai gudun tsiya ya sauke ni a Yiwu, lardin Zhejiang, kafin la'asar.

Na ɗauka na san kasuwa, tunda a Kwari na girma. Ashe ban ga komai ba. Babbar kasuwar Yiwu, wato Futian, shaguna sama da 70,000 ne, kuma ranar farko a ɓangaren kayan ado kawai ƙafata ta kumbura. Tafintana, wani Musulmin Sin da ya iya Larabci, ya ce kakannin mutanen garin talla suke yi ƙauye-ƙauye, suna musayar alewar rake da gashin kaza don takin gona. Sai a 1982 hukuma ta yarje musu su kafa kasuwa a fili.

Inda na fi daɗewa shi ne shagon wata mata mai sayar da carbi. Shagon bai fi ɗakin mai gadi ba. Carbi kaɗai take sayarwa, mijinta na can bayan gari da 'yan injinansa da ma'aikata ƙalilan. Ba Musulma ba ce, ba ta taɓa taka Afirka ba, amma da jin daga ina na fito ta jawo mai ƙwaya 99, ta ture mai 33 gefe. Ta san lokacin da azumi zai kama fiye da wasu 'yan unguwarmu. Da kalkuleta muka yi ciniki: ta danna, in girgiza kai, in danna, ta yi dariya ta ce, "Alhaji, a'a." Iyakar Hausarta ke nan.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne ba ta san hanyar tashar jirgin ruwa ba, ba ta kuma buƙatar sani. Katan goma na saya, na ba da kafin alƙalami. Dillali ne ke bin shaguna yana tattara kayan mutum ashirin ko talatin, ya cusa su a kwantena ɗaya, ya yi takardun kwastam a dunƙule, ya tura tashar jirgin ruwa ta Ningbo. Haka mai shago ɗaya ke kai kaya Legas da Jidda da Karachi tana zaune tana shan shayi. Na tuna masu jimarmu da masu zobo na Jigawa, kowa na fama shi kaɗai da takardu da kuɗin mota, raina ya ɗan sosu.

Ranar da zan tafi ta ga carbin katako a hannuna, wanda mahaifina ya bar mini. Ta roƙi ta ɗauki hotonsa, ta auna ƙwayar da wani ɗan ƙarfe. Ban gama warware gajiya a Kano ba sai ga saƙonta a manhajar WeChat: hoton irinsa sak, na roba, da farashin katan ɗaya a ƙasa.