Yadda muka tono tarihin lakwal ɗin tsibirin Gore daga nan Damagaram

Ni mushen tarihi ne, wato malami, a wani kolaj nan Zinder, bana sai na ba 'yan turwaziyem ɗina, ajin ƙarshe na kolaj, ekspoze kan makarantun tsibirin Gore na Senegal da ke daf da Dakar, wallahi da farko ko a jikinsu, wani ma cewa ya yi mushe mu da ko teku bamu taɓa gani ba me ya haɗa mu da tsibiri. Kuma da gaskiyarsa ai.

Mun fara da abinda ke takarda. Makarantar horon malamai ce Faransawa suka buɗe a Sanluwi a 1903, aka maido ta Gore a 1913, a 1915 aka sa mata sunan William Ponty gwamna janar ɗin da ya mutu shekarar, can ƙarshen shekarun 1930 aka kwashe ta zuwa Sebikotan. Ina rubutawa a tablo suna kwafa suna hamma.

Sai ranar da na ce musu Bubu Hama marubucinmu a wannan makarantar ta Gore ya yi karatu, haka Diori Hamani shugaban ƙasarmu na farko, da Modibo Keita na Mali, nan fa aji ya kaure, ta yaya yaro daga Nijar yake kaiwa Dakar a wancan zamani, wa ke biyan kuɗin hanya, me suke ci a can, har aka buga ƙararrawa ba wanda ya tashi. Daga nan na gane shekaru kaɗai basa riƙe yaro, sai ka kawo masa mutumin da ya san sunansa.

'Yan matan kuwa makarantar Mariama Ba ce ta ɗauke musu hankali, ta gwamnati ce ta kwana mata zalla, an buɗe ta a tsibirin zamanin shugaban ƙasa Senghor, kuma waɗanda suka fi ƙoƙari a jarabawar shiga siziyem ake kaiwa. Wata ta ce to mu ina tamu, na ce ki riƙe tambayar.

Intanet kam sai da hattara, shekara ɗaya sai ka ganta kala biyu, dole na sa su duba wuri biyu kafin su rubuta.

Yanzu mun juyo gida, muna tono tarihin Lise Amadu Kuran Daga ta nan Zinder, sunan sarkin Damagaram da Faransawa suka kashe a 1899. Na raba su Birni da Zango wajen tsofaffin ɗalibai, kowa da kaye da bik, na ce su je bayan la'asar da ɗan goronsu, su gama gaisuwa tukuna, kada wanda ya kunna waya yana ɗaukar murya sai baba ya ce to.