Jirgin da Muka Je Dubawa a Yawuri

Da hantsin nan na raka Kawu bakin Kwara a Yawuri, zai sayi ƙaramin jirgin ruwa na hannu mai injin Yamaha doki 40, don fita shan iska da iyali. Ni fenti da kujerun suka ɗauke min hankali. Dattijon Basarken, wato masuncin da Kawu ya gayyato, kuwa ko kallonsu bai yi ba. Ya taɓa injin ya tabbatar da sanyinsa kafin a tayar, don injin da aka ɗumama tun da wuri yana ɓoye ciwonsa. Ya tsaya sai da ya ga ruwan sanyaya inji yana tsartuwa ta baya. Sannan ya kwance kusar akwatin giyar injin, mai ya ɗigo fari kamar nono. "Alhaji, ruwa na shiga ciki," in ji shi.

Har mun juya ya tambayi Kawu 'ya'yansa nawa. Kawu ya ce shida. Ya ce to a fara da rigar ceto shida, daidai jikin kowa. Nan take na tuna jirgin da ya nutse da mutane a Warra, nan jihar Kebbi, a 2021, jikina ya yi sanyi. Har yanzu ƙanwata Ummi ce a raina, ko iyo ba ta iya ba.